Gwajin da Ka Ce Za Ka Faɗi da Gangan

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, da fatan lokacin da kake karanta wannan takarda jirgi ya sauke ka lafiya, kuma gadon da suka ba ka a sansanin horo ya ɗauke tsawonka. Allah ya tsare min kai a tafiya da zama, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da masu muguwar shawara, ko da yake na ga alamar wasunsu sun riga ni isa kunnenka.

Na san za ka ce don me ba mu yi maganar baki da baki ba. Na gwada, Abba. Da na buɗe baki sai ka ce, "Mama, I know, I know," idonka na kan waya. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta. Shi ya sa na cusa ta a ƙarƙashin robar yajin da ke cikin jakarka, don na san ita za ka fara lalube kafin ka nemi sallaya.

Maganar da ka yi shekaranjiya muna cin tuwo ce ta hana ni sakat. Kai ka ba mu labari da bakinka cewa in kun isa, kafin ku taɓa ƙwallo, likitocin ƙungiyar da ta gayyace ka wasan ƙwallon nan na karo da hular kwano za su yi muku gwajin ƙwaƙwalwa. Su karanta muku kalmomi ku maimaita, su ba ku lambobi ku faɗo su daga ƙarshe zuwa farko, ku tsaya da ƙafa ɗaya ido a rufe. Sai su ajiye sakamakon. Duk ranar da mutum ya sha karo a ka, sai su sake gwada shi su kwatanta da na farko. In ya yi ƙasa, su hana shi wasa har ya warke. Na ce madalla, ashe mutanen da suka ƙirƙiro wannan wasan tunkuyi suna da sauran hankali. Ban rufe baki ba ka kwashe da dariya, ka ce wani da ya riga ka shiga wasan ƙwararru ya koya maka dabara: ka yi nawa da gangan a gwajin farko, ka yi kamar ka manta wasu kalmomin, ka ɗan yi tangaɗi. Ta haka ranar da kanka ya bugu da gaske, sakamakon zai fito daidai da na farko, su ce lafiyarka ƙalau, ka koma fili.

"Mama, it's just strategy," in ji ka. "Kowa na yi. In na zauna a benci sati ɗaya, wani ya ɗauke min spot, shi ke nan, sai gida."

Babanka ya ajiye loma ya ce, "Kai, yaron nan akwai wayo!" Ni kuwa na tashi na kwashe kwanuka, har da naka da ba ka gama ba. Ka zaci don ka yi min Turanci a kan abinci ne. Ba shi ba ne.

Haba Abba! Wannan ne wayo? To irin wayon babanka ne sak. Ka tuna tsohuwar motarmu da fitilar gargaɗin inji ta kama, ya yanko baƙin tef ya manne ta don ta daina damunsa? Ka tuna kuma ranar da ta mutu mana a tsakiyar titin Wendover, hayaƙi na tashi, motoci na ta danna mana hon, ni da kayan cefane a cinya. Mota ce wannan, an ja ta an yar an sayi wata. Ina ake sayar da kai?

Kar ka ɗauka ban san abin da ke gabanka ba. Ranar zaɓen sababbin 'yan wasa mun zauna gaban talabijin har aka gama ba a kira sunanka ba. Gayyata ce suka yi maka daga baya, ka zo a gwada ka, kuma kafin a fara gasa za su sallami da yawa daga cikinku. Aikin da za su fara ba ka ma na sani, ƙanwarka Ummi ta yi min bayani: ku ne masu rugawa da gudu bayan an buga ƙwallon farko, ku je ku gwabza da wasu ƙarti da su ma suka rugo daga can. Duk na gane. Amma da na ce ka je Allah ya yi maka albarka, yi wa likitan kai ƙarya ba ya cikin abin da na sa wa albarka.

Abin haushin shi ne ba abokin nan naka ne ya fara koya maka ɓoye ciwo ba. A gida ka fara karatun. Mu haka aka tashe mu: in an ce ya jiki, ka ce da sauƙi, ko da kana jin ranka na fita. Kakarka tana kan gadon asibiti tana numfashi da ƙyar, in ka gaishe ta sai ta ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Tarbiyya ce mai kyau, ban ce a yar ba. Sai dai na ɗora maka ita ban nuna maka inda ake sauke ta ba. Kana ƙarami ka faɗo daga keke a bayan gidan hayarmu na farko, goshinka ya kumbura. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwar Baturiya, ta durƙusa tana tambayarka, kai kuma kana kuka kana zayyana mata: nan ke ciwo, ina ganin abu biyu-biyu. Na ja ka ciki na ce, "Kai ba namiji ba ne? In an tambaye ka, ka ce da sauƙi." Ka koya kuwa, har ka fi malamarka. Yau ko ƙafarka ce ta karye, "I'm good" za ka ce.

Ga gyaran da ya kamata in yi tun a lokacin. Da sauƙi amsar gaisuwa ce. Ka ba liman, ka ba abokan babanka. Likita ba gaishe ka yake yi ba. In ya ce ya kake ji, ka zayyana masa kamar yadda ka yi wa dattijuwar nan: haske na damuna, kunnena na ƙara, ban tuna abin da koci ya ce a yi ba. Ba wanda zai cire maka mazantaka don ka faɗi haka.

Sai wata Juma'a kana ajin ƙarshe na sakandare. Ana cikin wasa kai da wani yaro kuka gwara kai, har sama inda muke zaune muka ji ƙarar. Shi ya tashi, kai ba ka tashi ba. Fili ya yi tsit, 'yan wasa duk suka durƙusa. Uwar wani abokinka da ke kusa da ni ta damƙi hannuna tana cewa, "Go! That's your baby!" Ban motsa ba. Kai ɗan fari ne, ga sunan surukina a kanka, ga matan garinmu da na gayyato kallo zaune a gefena. A wurinmu uwar da ta san kanta ba ta rawar jiki a kan ɗan fari a gaban mutane. Haka na ga ana yi, haka na yi. Na gyara mayafi na kalli gefe kamar ɗan wani ne a kwance. Da ka miƙe, ni ka fara nema da ido. Ka gan ni zaune daram, sai ka ɗaga babban yatsa ka nufi benci.

Da muka koma gida ka yi amai, ka ce a kashe fitila tana soka maka ido. Me na yi? Na shafa maka man zafi a goshi, na ɗaure maka kai tamau da ɗankwalina, na dafa farfesun kaza, na tofa maka addu'a. Da mai kula da lafiyar 'yan wasa ta makarantarku ta kira tana tambaya ko ka yi amai ko kana ciwon kai, kana tsaye a gabana kana girgiza min hannu, sai na ce mata, "He is fine, thank God." Kai ka ce lafiya, ni na ce lafiya, ba a daɗe ba suka mayar da kai fili. A watannin da suka biyo baya ka koma barci a aji, ka daka wa Ummi tsawa don cokali ya faɗi, karatun da kake yi sau ɗaya ya zauna sai ka maimaita ka maimaita. Na ce balaga ce, na ƙwace maka waya.

Daga baya ne na ji daga bakin likita cewa bugu na biyu kafin na farko ya warke shi ne babban haɗarin. Wato da hannuna na tura ka, Allah ne kawai ya rufa mana asiri. Saboda haka ka ji ni da kyau. In ka bugu, ka fita, ka zauna har likita ya ce ka warke, ba har kai ka ce ba. In ka ga abokin wasanka ya tashi yana layi, ka nuna shi, wannan ba tsegumi ba ne. Kuma kar ka ƙara leƙa fuskata don ka auna ko ciwo ya kai a kula da shi. Fuskata ƙarya ta yi maka ranar. Yanzu kam na ajiye wannan kunyar. In na sake ganinka kwance a fili, sai dai masu gadi su riƙe ni, kuma su zo da yawa.

Ka san Kawunka Idi, yayana. Amma Idin da ka sani shi ne mai zama a zaure yana kallon bango. Ba ka ga Idin da na sani ba. Ɗan dambe ne a samartakarsa. In kaka ta yi aka share fili a garinmu, can wajen Gusau, makaɗa suka sa kalangu, daga ƙauyuka ake tasowa a zo kallonsa. Mu 'yan mata muna can baya muna guɗa. In aka naushe shi a ka ya faɗi, sai a kwara masa ruwa, makaɗi ya matso kunnensa yana masa kirari, ya miƙe yana tangaɗi, a gyara masa zaren hannu ya koma. Ina cikin masu ihun "Tashi, Idi!" kuma muryata ta fi ta kowa. Yakan ce mana in aka same shi sosai wuta-wuta yake gani, mu kuwa mu yi ta dariya.

Bai kai ga tsufa ba hannunsa ya fara rawa. Harshensa ya yi nauyi kamar na mai maye, mutumin da ko sigari bai taɓa sha ba. Ya fita masallaci ya kasa gane hanyar gida. Mai sanyin hali ya koma faɗa da kowa, har matarsa ta fara tsoronsa. Mu kuma me muka ce? Jifa aka yi masa. Wai wani abokin karawarsa da ya taɓa kayarwa ne ya yi masa asiri. Aka sha rubutu, aka yi turare, aka yanka abin da aka yanka. Ni ma daga nan Greensboro ina ta buga waya ina ba da sunayen masu magani. Har gaba muka yi da dangin mutumin nan, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Duk yawanmu ba a samu mutum ɗaya da ya ce, jama'a, mutumin nan fa shekara da shekaru ana dukan kansa.

Sai da Ummi ta nuna min wani shiri a wayarta, matan tsofaffin 'yan wasanku suna ba da labarin mazajensu. Turanci suke yi, gidajensu ba irin namu ba, amma wallahi Idi suke siffantawa: mantuwa, fushi ba gaira ba dalili, mutum yana zaune tare da kai amma ba ya nan. Na miƙa mata wayarta na shige ɗaki. Ni ba likita ba ce, kuma ba wanda ya taɓa duba kan Idi, don haka ba zan rantse ba. Amma zuwana gida na ƙarshe ya riƙe hannuna yana kirana Inna, yadda muke kiran mahaifiyarmu, yana tambayata ko an sauke tuwo.

Don haka in wani abu ya canja a jikinka ko a halinka, kar ka tafi neman dalili mai nisa. Kar ka ce gajiya ce, kar ka ce canjin abinci, kar ka ce bakin mutane. Ka fara da na kusa: ana dukan kanka. Kuma ka san kocinka makaɗi ne, ko da ba shi da kalangu. Aikinsa ya zuga ka ka tashi. Ban ce mugu ba ne. Makaɗin Idi ma har yau yana zuwa duba shi da goro a aljihu, amma ba shi ke canja masa riga ba.

Sai maganar hular nan mai laushi da ka ce ana ɗorawa a kan hular kwano lokacin atisaye, wadda ka ce in da so samu ne ba za ka sa ba, wai tana sa mutum ya yi kama da wanda ya kifa tukunya a ka. To ka yi kama da tukunyar! Wa za ka aura a filin atisaye? Ka sa ta, in a wasan gaske ma an yarda ka sa. Amma kar ta ruɗe ka. Ka zuba kindirmo a ƙwarya, ka naɗe ta da bargo, ka jijjiga. Ƙwaryar ba za ta fashe ba, amma buɗe ka ga yadda nonon ya koma. In za ka kama mutum ka ɗaga kanka, ka sa kafaɗa kamar yadda aka koya maka tun kana yaro. Allah bai halicce ka da ƙaho ba.

Kuskurena na baya-bayan nan ya fi ba ni haushi, don da girmana na yi shi. Tun da masu neman 'yan wasa suka fara zuwa kallonka a jami'a, babanka ya tsiri fita da mu ranar Lahadi zuwa unguwar masu kuɗi ta Summerfield, wai shan iska. Yana tuƙi a hankali yana nuna gidaje masu fili da dawaki, yana cewa, "Hajiya, wancan ya yi miki? Abba, ka ga inda zan yi kiwon kaji." Kai kana baya, gwiwoyinka na tokare min kujera, kana cewa, "I got you, Baba." Ni kuma maimakon in ce ku rufa mana baki, sai na ce ni dai a samo mai babban kicin. Wasa nake yi, kai ka ɗauke shi alkawari. Ban gane ba sai da na ji yadda ka ce "shi ke nan, sai gida," kamar gidan yari kake nufi.

To na janye kicin ɗin. Ba na so. Wanda nake da shi in na juya sai na buge firji, amma a cikinsa na dafa duk abin da ya yi maka wannan ƙirar. Tsayuwar da nake yi a kanti tun safe, na kawo maka ƙara? Babanka kuwa mun yi magana jiya, kuma ba ta daɗi ba ce. Ya fita ya daɗe yana wanke motar da ba ta yi datti ba. Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ki gaya masa kajin ma ba dole ba ne." Ka san babanka, wannan a wurinsa doguwar huɗuba ce.

Abu ɗaya nake nema a wurinka. Ka yi gwajin nan da duk ƙwaƙwalwar da Allah ya ba ka. Kai da ka haddace dogayen surori a Islamiyyar ƙarshen mako, malam na kafa misali da kai, ka je gaban baƙi ka yi kamar ba za ka iya riƙe 'yan kalmomi ba? Ka maimaita musu duka. Ka tsaya da ƙafa ɗaya har su gaji su ce ya isa. Su rubuta Abba na gaskiya su ajiye, domin ranar da ka bugu, kai kanka ba za ka san ka bugu ba, kan da zai gaya maka shi ne ya bugu. Wannan sakamakon ne kaɗai zai yi magana a madadinka, ni ina nesa. In sun ce ka shiga tantin nan na gefen fili a duba ka, ka shiga. In sun karɓe hular kwanonka, ka sakar musu, kar ka tsaya kana ja-in-ja a gaban duniya.

Na san ba benci kake tsoro ba. Dawowa kake tsoro. Ka shiga masallaci su Alhaji su ce, "A'a, Abba, ba ka can?" Yaran da ke sa riga mai lambarka su yi ta kallonka. Wannan ka bar min. In sun sallame ka don ka faɗi gaskiya, ni za ka fara kira. Ni zan zo filin jirgi, kuma kafin ka sauke jaka na riga na sanar da kowa da bakina: ɗana ya dawo, ni na ce ya dawo. Mai magana ya zo ya same ni, ya san gidan.

Akwai abin da ko babanka ban gaya wa ba. Juma'ar da ta wuce liman ya ɗaga hannu ya ce Allah ya sa ƙungiyar nan ta riƙe Abba. Masallaci ya ɗauka da amin. A ɓangaren mata kowa ta juyo tana min murmushi. Na ɗaga hannu kamar kowa, na motsa baki, amma amin ɗin ya ƙi fita. Ina son ka samu abin da ka sha wahala a kansa tun kana yaro, Allah ya sani, kuma ina tsoron ka same shi. Amin ɗin nan yana nan a maƙogwarona har yanzu, ya hana ni cin abinci da daɗi. Ranar da ka fito daga gwajin, in ka yi shi tsakani da Allah, ka kira ni ka ce min ka yi. A nan inda nake tsaye, ko a kanti ne gaban masu sayayya, zan faɗe shi da ƙarfi.

Kafin nan, ga addu'ar da ba ta maƙale min. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare waɗanda za ka yi karo da su, su ma 'ya'yan wasu ne. Allah ya dawo min da kai da ƙafarka, da hankalinka a jikinka.

Wassalam.

Mahaifiyarka